SHARHI: Nguru da Gashuwa, Kaya Na Fita Suna Na Zaune a Gida

Duk wanda ya san hanyar motar da ta tashi daga Gashuwa ta ratsa Jajimaji da Nguru ta nufi Kano, ya san irin manyan motocin da ke bin ta tun daga kaka har faɗuwar ruwa, maƙare da buhunan riɗi da wake da shinkafa da busasshen tattasai, da kwalayen bandar kifi, da ƙaro da kanwa, ban da shanu da tumaki. Abin da ba kowa ya kula da shi ba shi ne, da zarar kayan nan sun sauka a Dawanau ko Legas ko Anacha, sai su tashi daga kayan Bade ko na Nguru su koma "kayan Arewa" kawai, wani lokaci ma a ce da su kayan Kano. Mai sayen ƙarshe ya san sunan babban ɗan kasuwar da ya sayar masa, ya san lambar wayarsa, amma bai san matar da ta turara shinkafar ba, bai san masuncin da ya yi bandar kifin ba, bai kuma taɓa jin sunan ƙauyen da aka tsinko ƙaron ba. In kaya sun yi kyau yabo na wani ne. In sun ɓaci a rage kuɗi, ragin kuwa a kan na ƙasa yake sauka.

A duk taron da aka yi kan ƙananan 'yan kasuwa, kukan da aka fi ji shi ne na rashin jari, kuma kuka ne na gaskiya. Amma ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, masu ƙananan sana'o'i na arewacin Jihar Yobe suna da wani ciwon da ya riga wannan, wato ba a san su ba, su ma ba su san juna yadda ya kamata ba, ba su kuma san wanda kayansu ke ƙarewa a hannunsa ba. Banki ba ya ba da rance ga wanda bai sani ba, babban mai saye ba ya ba da kuɗin kafin alƙalami ga wanda ba shi da shaida. Saboda haka muna ganin lokaci ya yi da 'yan kasuwar Nguru da na Gashuwa za su haɗa kai su kafa kasuwar baje koli guda ɗaya tasu ta kansu, wadda za a riƙa ci shekara-shekara, tare da kundin sunayen masu sana'a na yankin baki ɗaya.

Idan ba a manta ba, Nguru ba baƙuwa ba ce a harkar ciniki. Tun zamanin daular Barno nan ne mazaunin Galadima, mai kula da yammacin daular, kuma ta wannan yanki ne fatake ke bi da gishirin Manga da kanwa zuwa ƙasar Hausa. Da layin dogo daga Kano ya iso a 1930, sai garin ya zama maƙurar jirgi, wato abin da aka tara daga ƙasar Bade da Machina da Gaidam, har da tsallaken iyaka ta wajen Nijar, a nan ake auna shi a loda. Gyaɗa da auduga da ƙirgi da fatu da ƙaro da busasshen nama duk ta Nguru suke fita. Kamfanonin Turawa da na Kwarori suka buɗe kantuna, 'yan kasuwa daga kudu suka zo suka zauna, aka wayi gari sunan Nguru ya zama sananne a bakin masu sayar da nama na Legas, waɗanda da yawansu ba su taɓa taka ƙasar Barno ba.

A wancan zamani babu mai shirya bikin baje koli, amma akwai tsarin da ke yin aikin baje koli kullum rana ta Allah, shi ne tsarin fatoma da dillali. Baƙo ya sauka gidan fatomansa, a ba shi masauki da abinci, a ajiye masa kaya, a nemo masa mai saye, in kuma bashi za a ɗauka fatoma ne ke tsayawa a tsakani da mutuncinsa. Ya san wanda ke biya da wanda ke jan ƙafa, ya san wanda ke cika mudu da wanda ke tauyewa. Wani Bature masani, Abner Cohen, ya yi nazarin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan, ya buga littafinsa a 1969, inda ya nuna yadda shanun Arewa ke shiga hannun mahautan Yarbawa bisa bashi ba tare da takarda ko kotu ba, sai dai lamunin mai gida. A taƙaice dai kakanninmu sun riga sun gane cewa ciniki na nesa a kan sani da amana yake tsayawa, suka kuma gina masa hukuma wadda ba ta da ofis.

Abubuwa da dama suka taru suka raunana wannan gini. Farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, sun karya ƙashin bayan cinikin da ya fi kowane kawo kuɗi. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya har mota ta karɓe lodi, ita kuwa mota ba ta bukatar maƙura, tana iya shiga ƙauye ta ɗauka ta wuce ba tare da ta tsaya a gari ba. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya yadda ruwa ke malala a fadamun Haɗeja da Nguru, ga kuma ciyawar kachala da ta toshe magudanai ta cinye gonaki da wuraren su. Daga baya rikicin da ya ɓarke a Arewa maso Gabas tun 2009 ya sa baƙi da yawa suka ɗauke ƙafa daga Yobe baki ɗayanta, ba tare da bambanta gari da gari ba. Noma da su da kiwo ba su tsaya ba, amma mai saye ya daina zuwa da kansa, sai dai ya aiko yaro ko ya jira a Kano.

Adalci ne a faɗi abin da gwamnati ta yi. Gwamnatin Mai Mala Buni, wadda ta hau a 2019, ta gina kasuwanni na zamani a Damaturu da Potiskum da Gashuwa da Nguru, ta kuma kafa masana'antun gyaran riɗi, biyu daga cikinsu a wannan yanki, wato Nguru da Machina. Wannan aiki ne da ba a raina shi. To amma rumfar siminti wurin ajiye kaya ce da fakewa daga rana da gobara. Ba ta gabatar da mai shinkafar Gashuwa ga mai otal a Abuja, ba ta kuma gaya wa mai fitar da riɗi zuwa Japan ko Turkiyya cewa akwai ƙungiyar manoma a Yusufari da za ta iya cika masa mota uku na kaya iri ɗaya. Wannan aiki ne na mutane, kuma masu kaya ne kaɗai za su yi shi da zuciya ɗaya.

Wani zai ce ai akwai kasuwannin baje koli, ga ta Kaduna da aka shafe fiye da shekara 40 ana ci, ga ta Kano, ga ta Legas, jihohi kuma suna kama rumfuna a can. Haka ne. Sai dai duk wanda ya saba zagaya rumfunan jihohi a irin waɗannan wurare ya san abin da akan tarar: 'yan ƙwarairai na samfurin gero da riɗi da ƙaro, da hoton gwamna a bango, da ma'aikatan gwamnati a zaune, waɗanda in ka tambaye su kuɗin tan ɗaya ko wanda za ka kira in kana son mota guda, sai su ce ka dawo gobe. Ba laifinsu ba ne, ba sana'arsu ba ce. Mai kayan na ainihi yana gida, domin kuɗin mota da masauki da na rumfa na kwana goma a Kaduna ya fi ribar da zai ci a wata biyu. Mun ga irin wannan tun zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, lokacin da aka riƙa kwasar kayan sana'ar mata ana kaiwa Legas ana nunawa. An yi tafi, an ɗauki hotuna, amma da gwamnati ta sauya a 1993 shirin ya bi ta, domin ba a bar wa matan hanyar da mai saye zai sake nemo su ba.

Darasin a fili yake. Ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ɗaukar gonarsa ko murhun bandarsa ya kai Kaduna ba, amma mai saye yana iya zuwa ya gani da idonsa. Kawo manyan masu saye hamsin Nguru na kwana uku ya fi sauƙi, ya kuma fi amfani, a kan kai masu sana'a ɗari biyar Kaduna. Mai saye da ya ga rumbun, ya ga matan da ke tankaɗe, ya ci tuwo a gidan mai kaya, ya yi musafaha da Sarkin Kasuwa, ba zai koma gida da kati kawai ba.

Me ya sa muka ce garuruwan biyu su haɗu? Domin ko wannensu shi kaɗai bai isa ya sa babban mai saye ya taso daga Legas ba. Tsakaninsu bai wuce tafiyar sa'a guda da 'yan mintoci a mota ba, kuma abin da ɗaya ya rasa ɗaya na da shi. Gashuwa na da kogi da fadama, da shinkafa da kifi da kayan lambu, tana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, da reshen binciken ƙaro na Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya. Nguru na da tsohon suna a cinikin nama da fatu da man gyaɗa, da tashar jirgi, da ƙofar Machina da Nijar, ga kusanci da Jigawa da Kano. Ƙananan hukumomi shida na Yobe ta Arewa, wato Bade da Jakusko da Karasuwa da Machina da Nguru da Yusufari, kusan duk a waɗannan kasuwanni biyu suke juye kayansu. In kowace masarauta ta ce sai ta yi nata bikin, za a sami ƙananan bukukuwa biyu da 'yan gari za su cika, baƙo ko ɗaya babu. A yi shi karɓa-karɓa, bana a nan baɗi a can, kwamiti ɗaya, asusu ɗaya, kundi ɗaya.

Maganar lokaci ba ƙarama ba ce. Da damina hanyoyin fadama ba su biyuwa, kuma babu kaya a hannu. Lokacin da ya dace shi ne bayan an gama kaka, riɗi da wake sun shiga buhu, ƙaro ya soma fitowa, ruwa ya ja baya masunta sun shiga aiki. Akwai masu ganin a jingina baje kolin da bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram, tun da dama yana jawo baƙi. Shawara ce mai kyau, da sharaɗi guda: ranar manyan baƙi daban, ranar ciniki daban. Inda aka tara gwamna da 'yan majalisa da makaɗa da jami'an tsaro, babu wanda zai zauna ya auna danshin riɗi. A bar ranar biki ga masu biki, a ba 'yan kasuwa kwana biyu kafinta ko bayanta, ba jawabi ba jiniya.

Amma abin da ya fi rumfunan muhimmanci, a ganinmu, shi ne kundin. Binciken da hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi na 2021 ya nuna cewa akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kimanin miliyan 39.6 a Nijeriya, waɗanda ke samar da kusan kashi 46 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa. Adadi ne mai daɗin faɗa a taro, sai dai ba zai gaya maka masu injin casar shinkafa nawa ne a Gashuwa ba, ko buhu nawa kowannensu ke iya casawa a mako. Kundin da muke nufi ba wani abu ba ne mai wuya: sunan mai sana'a ko ƙungiya, unguwa ko ƙauye, abin da yake yi, yawan abin da zai iya bayarwa a wata, watannin da yake da kaya, lambar waya, sa'an nan sunan wanda ya tsaya masa. Wannan na ƙarshe shi ne ran kundin. Jerin sunaye da lambobi kowa na iya tarawa, kuma 'yan damfara sun fi kowa saurin shiga irinsa. Amma in aka ce ba a rubuta sunan mahauci sai Sarkin Fawa ya sa hannu, ba a rubuta masunci sai shugabannin masunta sun shaide shi, ba a rubuta mai hatsi sai ƙungiyar 'yan hatsi ta lamunce masa, kuma duk wanda ya ci amana sau biyu a soke sunansa a sanar, to an dawo da aikin fatoma ke nan a kan takarda. Ɗaliban jami'a da na kwalejojin garuruwan biyu za su iya zagayawa su tattara bayanan a matsayin aikin karatu, a buga da Hausa da Turanci, a kuma sa a waya yadda mai saye a Anacha zai iya dubawa.

A nan ne za a gamu da turjiya, kuma gara a faɗe ta tun da wuri. Dillalai da 'yan tsakiya za su ga kamar ana so a yanke musu hanyar abinci ne. Wasu masu ba da shawara daga birni ma sukan zo da wannan magana, wai a kawar da ɗan tsakiya manomi ya sayar kai tsaye. Mu ba mu tare da su. Manomin da ke da buhu bakwai ba zai yi ciniki da kamfanin da ke neman tan ɗari ba, dole sai an sami mai tarawa, mai tantancewa, mai ba da kuɗi kafin kaya su isa. Abin da ke cutar da manomi shi ne yawan hannayen da kaya ke bi, da duhun da ke tsakaninsu, har ya kasance bai san abin da aka sayar da kayansa a Dawanau ba. Dillalin gari da aka san shi, aka rubuta sunansa, aka san la'adarsa, ya fi kowa cin ribar wannan tsari, domin shi ne baƙo zai fara nema. Saboda haka a sa su cikin kwamiti tun ranar farko. In aka bar su a waje, su ne za su rusa abin cikin mako guda, kuma suna da hanyar yin haka.

Fitar da suna yana da tsada, wannan ma a sani. Muddin kaya "na Arewa" ne kawai, mai zuba yashi a riɗi da mai gaskiya duk ɗaya suke a idon mai saye. Ranar da aka buga "Nguru" ko "Bade" a jikin buhu, laifin mutum ɗaya zai shafi gari duka. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, hukuncin kuwa ya hau kan wanda ya zuba da wanda bai zuba ba. Kowa ya san akwai masu fesa irin wannan magani a kan bandar kifi don gudun ƙwari. Ba za a yi baje kolin kifin Gashuwa ana kau da kai daga wannan ba. Ya kamata rumfar da ta fi kowace girma a wurin ta zama ta awo da gwaji, inda jami'an NAFDAC da na hukumar kula da ingancin kaya da na Hukumar Bunƙasa Fitar da Kaya za su zauna su nuna wa mutane abin da ake nema, a kuma kawo ma'aikatan hukumar rajistar kamfanoni su yi wa masu so rajista nan take. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da damar yi wa sunayen sana'o'i 250,000 rajista kyauta, amma wanda ba shi da labari ko ba shi da mai cika masa takarda a intanet, damar ta wuce shi yana zaune.

Ɗauki misalin ƙaro. Ana amfani da shi a lemon kwalba da alewa da magunguna a duniya baki ɗaya, Sudan ce kan gaba wajen samar da shi, sai Chadi da Nijeriya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, kamfanonin da ke dogara da ita suke neman wata ƙofa. Ƙaron ɗakwara, wanda shi ne mai daraja ta ɗaya, yana fitowa a wannan yanki, ga kuma masana bincikensa zaune a Gashuwa. Duk da haka mai tsinka a daji yakan haɗa na ɗakwara da na dushe da ɓawo da ƙasa a buhu guda, a saye shi a farashin mafi ƙasƙanci, a kai Kano a ware, ribar warewar ta zauna a can. Babu injin da ake bukata don gyara wannan, tabarma ce da inuwa da wanda zai nuna, da kuma mai sayen da zai yi alkawarin biyan bambanci. Haɗa waɗannan mutane uku, mai tsinka da masani da mai saye, a rumfa ɗaya na yini guda, shi ne irin aikin da muke nufi da baje koli.

Mata kuwa, rabin sana'ar yankin a hannunsu take, amma a bayan katanga. Su ke turara shinkafa, su ke matse man gyaɗa su yi ƙuli-ƙuli, su ke daddawa da yajin daka da turaren wuta da humra, su ke saƙa tabarmi da faifai da kabar goruba da ake yankowa a fadama. Yawancinsu yara ke kai musu talla, wanda hakan kansa wata asara ce ga makaranta. Suna da nasu tsarin sanin juna, wato adashi, kuma uwar adashi ta san mai cika alkawari fiye da kowane manajan banki. A keɓe musu sashe wanda mata za su gudanar, a shigar da su kundi ƙungiya-ƙungiya ga wadda ba ta son a buga sunanta, uwar adashi ta zama ita ce mai tsayawa.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. A 1979 gwamnan lardin Oita na ƙasar Japan, Morihiko Hiramatsu, ya ƙaddamar da shirin da ya nemi kowane ƙauye ya zaɓi abu ɗaya da ya fi ƙwarewa a kai, ya inganta shi har a san ƙauyen da shi. Abin lura shi ne hukuma ba ta raba kuɗi ba, ta tsaya ga horarwa da bincike da tallata kayan a manyan birane. Tailan ta kwaikwayi shirin a 2001, mu ma SMEDAN na da irinsa na ƙaramar hukuma ɗaya kaya ɗaya. Inda namu ke tuntuɓe shi ne daga sama ake zaɓa wa mutane, kuma da zarar an ji kalmar shiri sai a ɗauka rabon kuɗi ne, a cika takarda da sunayen waɗanda ba su taɓa riƙe mudu ba.

Wannan ne ya sa muke cewa kada a miƙa wa gwamnati ragamar abin. Ta ba da fili a sababbin kasuwanninta, ta ba da tsaro, ta gyara hanya, ta aiko da jami'anta na gwaji, iyakarta ke nan. Sarakunan Bade da Nguru da Machina su zama iyaye masu sa albarka da sasanta rigima. Kuɗin gudanarwa ya fito daga kuɗin rumfa da gudummawar ƙungiyoyin kasuwa da bankuna da kamfanonin waya da ke cin riba a garuruwan, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a bayan an tashi. Abin da 'yan kasuwa suka zuba kuɗinsu a ciki ba za su bari ya mutu don an sauya kwamishina ba. Ma'aunin nasara kuma kada ya zama yawan jama'ar da suka halarta ko girman baƙon da ya yanke ƙyalle. A ƙirga yarjejeniyar saye nawa aka ƙulla, ta tan nawa, sa'an nan bayan wata shida a koma a ga nawa aka cika.

Game da maƙwabtanmu na Nijar, rufe iyaka da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sun nuna wa kowa yadda kasuwannin bakin iyaka ke shiga ƙunci in ƙafar 'yan uwa ta ɗauke. Dabbobi da kanwa da wake da yawa da ake gani a Nguru da Machina daga can suke. A gayyaci 'yan kasuwar Damagaram da Gure da Maine a matsayin masu rumfa, ba 'yan kallo ba.

Matasa masu tallata kaya a WhatsApp da Facebook da TikTok sun riga sun yi gaba, kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa har dattawan kasuwa karɓar kuɗi ta waya. Abin da ya rage wa yaron da ke tallar kilishin Nguru ga mutanen Abuja shi ne yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai yarda ya tura masa kuɗi kafin kaya su iso. Lambarsa a cikin kundin da shugabannin kasuwa suka sa wa hannu za ta yi masa wannan aiki.

Ba a bukatar doka ko kasafin kuɗi kafin a soma. Shugabannin kasuwar Nguru da na Gashuwa, da na 'yan hatsi da mahauta da masunta da direbobi, da wakilan ƙungiyoyin mata, su zauna a Jajimaji, tun da ita ce a tsakiya, su zaɓi kaya huɗu ko biyar da za a fara da su, kada a ce sai an kwashe kome a shekarar farko. Su rubuta sunayen manyan masu saye talatin da suka riga suka sani a Dawanau da Legas da Anacha, a tura musu wakilai da goron gayyata wata uku kafin lokaci, a kuma tanadar wa kowane baƙo gidan da zai sauka da mutumin da zai zagaya da shi.